Yadda garin Halle ya sayi kamanninsa a hannun baƙo, sannan aka raba shi da su

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kai da abokan aikinka kuna cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wani abu da ba kasafai yake samun shiga shafin al'adu ba, wato zanen gari da hannu. Shafin ya saba kawo mana labarin mawaƙa da marubuta da masu shirya fim, kuma babu laifi a cikin haka, amma mai zane ko kusurwa ba ya samu, sai ka ce aikinsa wasa ne da ake bar wa yara 'yan firamare. Ina so in nuna, da misali guda da na daɗe ina bibiya, cewa zanen gari dukiya ce ta mutanen garin, kuma duk ranar da suka bari mai mulki ya yanke mata hukunci shi kaɗai, asarar a kansu take sauka, su da jikokinsu. Misalin shi ne zane-zanen da wani Ba'amurke mai suna Lyonel Feininger ya yi na garin Halle, wanda ke bakin kogin Saale a tsakiyar Jamus, daga 1929 zuwa 1931.

Halle tsohon gari ne, an fara ambatonsa a rubuce tun shekara ta 806, kuma gishiri ne ya gina shi. A da, can ƙasan kasuwar garin akwai rijiyoyin ruwan gishiri, waɗanda ake ɗiba a dafa a manyan faranti har ruwan ya ƙone ya bar farin gishiri, sai a yi lodinsa a jiragen ruwa su bi Saale zuwa kogin Elbe, ko a ɗora a keken doki zuwa garuruwan da ke kewaye. Da arzikin wannan fatauci aka ɗaga gine-ginen da suka zama fuskar garin. Akwai babbar majami'ar kasuwa mai hasumiya huɗu, wadda aka gina tsakanin 1529 da 1554 bayan an rushe wasu tsofaffin majami'u biyu da ke jere da juna, aka bar hasumiyoyinsu a tsaye, aka haɗa su da sabon gini a tsakiya. Biyu daga cikin hasumiyoyin akwai gada a tsakaninsu can sama, inda a da mai gadin gari yake leƙen gobara. Gefe guda kuma, ita kaɗai a tsakiyar fili, ga Jar Hasumiya mai tsawon kimanin mita 84, wadda aka fara ginawa a 1418 aka gama a 1506. Waɗannan hasumiyoyi biyar su ne alamar Halle, su matafiyi yake fara hangowa kafin ya ga komai na garin.

Shi kuwa Feininger an haife shi a New York a 1871, iyayensa 'yan asalin Jamus ne masu sana'ar kiɗa da waƙa. Yana da shekara 16 aka tura shi Jamus a 1887 domin ya koyi kiɗan goge irin na Turawa, amma da ya sauka Hamburg sai ya karkata ga zane, ya ci gaba da koyo a Berlin da Paris. Ya shafe shekaru yana cin abinci da zanen barkwanci a mujallun Jamus, har jaridar Chicago Tribune ta ɗauke shi a 1906 yana yi mata zanen labarai na shafin Lahadi. Bai kama fenti da gaske ba sai da ya kai wajen shekara 36. A 1919, lokacin da masanin tsara gine-gine Walter Gropius ya kafa makarantar fasaha ta Bauhaus a garin Weimar, Feininger na cikin malaman farko da ya ɗauka, kuma da makarantar ta koma Dessau shi ma ya bi ta a 1926. Duk tsawon kusan shekara 50 da ya yi a Jamus bai taɓa ajiye takardar zama ɗan Amurka ba, abin da ya sa a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, bayan Amurka ta shiga yaƙin a 1917, hukuma ta lissafa shi cikin 'yan ƙasar abokan gaba. Na kawo wannan ne domin mai karatu ya san irin baƙon da ake magana a kansa: ya iya harshen, ya auri 'yar ƙasar, ya haifi yawancin 'ya'yansa a can, amma a takarda baƙo ne har ranar da ya tafi.

Aikin Halle ya faro ne da ƙaramar buƙata. Hukumar garin, ƙarƙashin magajin gari Richard Robert Rive, tana son hoton gari guda ɗaya da za ta bayar kyauta ga ofishin shugaban lardi a Magdeburg, sai shugaban gidan adana kayan fasaha na garin, Alois Schardt, ya ba da sunan Feininger. Schardt ya ba shi ɗakin aiki a saman hasumiyar ƙofar Moritzburg, tsohuwar fadar da wani babban limamin Kirista na Magdeburg ya fara ginawa a 1484 domin ya riƙe mutanen Halle a ƙarƙashin ikonsa, wadda daga baya ta ƙone a yaƙi a 1637, aka mayar da wani sashenta gidan adana kayan fasaha a farkon ƙarni na 20. Feininger ya shiga ɗakin a 1929 da niyyar yin hoto ɗaya. Bai fita ba sai da ya kammala manyan hotunan fenti 11 da zanen gawayi 29, kuma a 1931, cikin tsananin matsin tattalin arziki da rashin aikin yi da ya addabi Jamus a lokacin, hukumar garin ta saye su gaba ɗaya. Wannan shawara ta cancanci yabo, domin da magajin gari ya ce babu kuɗi, ba wanda zai zarge shi.

A nan nake so in ɗan daɗe, Malam Edita, domin yadda mutumin ya yi aikin shi ne abin da ya fi ba ni sha'awa, kuma shi ne abin da ba a cika faɗa ba. Al'adar Feininger tun yana Weimar ita ce ya fita da ƙaramin littafi da fensir, a ƙafa ko a kan keke, ya tsaya inda wani abu ya kama idonsa, ya ja 'yan layuka cikin sauri, ya rubuta kwanan wata, ya wuce. Irin waɗannan ƙananan zane ya tara dubbai. A Halle ya ƙara da kyamara, yana ɗaukar hoton lunguna da hasumiyoyi daga kusurwoyi dabam-dabam, ko da yake a wasiƙunsa ga matarsa Julia ya koka cewa dogaro da hoton kyamara yana ɗaure masa hannu. Daga waɗannan ƙananan zane da hotuna yake komawa ɗakinsa na saman hasumiya ya shimfiɗa babbar takarda ya ɗauki gawayi, kuma a wannan mataki ne ainihin tunanin yake faruwa. Fentin da ke biyo baya cika aiki ne. A kan takardar gawayi ake yanke shawarar inda hasumiya za ta tsaya, da yawan sararin sama da za a bar mata, da inda haske zai faɗo.

Wanda ya dubi ɗaya daga cikin zanen majami'ar kasuwa da kyau zai ga cewa kusan babu lanƙwasasshen layi a cikinsa. Layukan miƙaƙƙu ne sirara, kuma ba sa tsayawa inda gini ya ƙare: layin da ya fito daga gefen rufi sai ya zarce ya ratsa sama har bakin takarda, wani kuma ya sauko daga ƙololuwar hasumiya ya yanki filin kasuwa. Tsakanin layukan an kwantar da gawayin a gefensa an goga, wani wuri baƙi ƙirin, wani wuri toka-toka, wani wuri kuma an bar farar takarda yadda take domin ta zama haske. Sakamakon haka shi ne sama da gini sun zama abu guda, iska ma ta sami kusurwa da nauyi, kamar mutum yana kallon garin ta cikin gilasan taga da aka jingina wani a kan wani. Can ƙasa, a gindin ginin, sai ka ga mutane 'yan mitsi-mitsi, kowanne bai wuce kusurwa uku da ɗigo a kai ba, an sa su ne kawai domin ido ya auna girman abin da ke bisa kansu. Sau da yawa yakan kewaye zanen da siririn layi, ya rubuta sunansa da sunan wurin da kwanan wata a ƙasa da hannunsa. Mutumin da ya tashi a gidan makaɗa, wanda har ya tsara kiɗa da kansa a kan salon Bach, shahararren mai tsara kiɗa na Jamus, ba abin mamaki ba ne ya riƙa maimaita sifa guda a wurare dabam-dabam na takarda, tana amsa wa kanta.

Wani abin lura shi ne, duk da cewa Halle garin kogi ne, kuma fadar da yake aiki a cikinta tana tsaye ne a bakin wani reshe na Saale, ba ruwan Feininger ya sa a gaba ba. Majami'ar kasuwa ya yi ta maimaitawa, daga gabas da yamma, da rana da almuru da dare. Ya yi Jar Hasumiya sau biyu, yana hangen ta daga cikin matsattsun lunguna. Ya yi babbar majami'ar da ake kira Dom, wadda ba ta da hasumiya sai jerin kawunan bango masu zagaye. Ya yi lungun Bölbergasse da unguwar Trödel mai tsofaffin gidaje da suka jingina da juna. Wanda ya zo yawon buɗe ido na kwana biyu bakin kogi zai nufa, domin nan ne kyau yake a fili. Wanda ya zauna shekara biyu ya gane cewa abin da kogin ya haifa, wato kasuwa da hasumiyoyin da kuɗin gishiri ya ɗaga, shi ne garin. A ganina wannan zaɓi kaɗai ya isa shaida cewa mutumin ya fahimci inda yake.

Hausawa kan ce baƙo makahon gari ne, kuma a harkar sanin hanya da sanin mutane maganar gaskiya ce. Amma a harkar gani akwai makantar da ɗan gari ne kaɗai take kamawa, domin wanda aka haifa a gindin hasumiya ya daina ɗaga kai ya dube ta tun yana yaro, ta zama masa wurin da ake juyawa a shiga layin masu nama. Baƙon da ya yi haƙuri ya zauna, ya fita da safe ya fita da yamma, ya tsaya a lungu guda har masu shago suka saba da shi, yana iya mayar wa 'yan gari abin da sabo ya ɗauke musu. Sharaɗin shi ne haƙurin. Ban ce kowane baƙo mai fensir ya cancanci a saurare shi ba, domin da yawa sun zo garuruwan mutane da hoton da suka riga suka ƙulla a zuciya, suka zana shi, suka koma. Feininger ya bambanta da su ne saboda an aiko shi yin hoto ɗaya, garin ya riƙe shi har ya yi 40.

Na san akwai mai cewa: to, in ana son a adana kamannin gari, me ya sa ba za a ɗauki hoto da kyamara a huta ba, tunda wannan zane ma bai yi kama da garin sak ba? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin aikin shi kansa Feininger, tunda hotunan kyamararsa na Halle suna nan, ana iya ajiye su gefe da gefe da zanen. Hoton kyamara yana ba ka duk abin da ke gaban gilashi a daƙiƙa guda, da muhimmi da marar muhimmanci, da allon talla da igiyar lantarki, duka da daraja ɗaya. Zanen yana ba ka abin da mutum ya tace bayan ya dubi wuri sau da yawa: cewa wannan lungu matsattse ne har mai tafiya yana jin bango na matso shi, cewa hasumiyar tana bayyana ne kwatsam a ƙarshen lungun, cewa da almuru dutsen ginin yakan yi kamar ya fi na rana sauƙin nauyi. Waɗannan ma gaskiya ne game da garin, kuma irin gaskiyar da tsoho yake ba jikansa labari ce idan unguwa ta tafi. Kowanne da aikinsa, amma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Shekara biyu kacal bayan cinikin, a 1933, 'yan Nazi suka karɓi mulkin Jamus, kuma suna da ra'ayi mai tsauri a kan abin da ya halatta a kira fasaha. Duk zanen da bai kwaikwayi abu sak ba, ko wanda ya karkatar da sifa ko launi, sun sa masa suna gurɓatacciyar fasaha, suka danganta shi da Yahudawa da 'yan gurguzu da masu taɓin hankali. An rufe Bauhaus a wannan shekarar. Schardt, wanda ya ɗauka zai iya shawo kan sababbin masu mulki ta hanyar nuna musu cewa wannan salo na Jamusawa ne tsantsa, ya ga iyakar dabararsa: an ba shi riƙon babban gidan adana zane na ƙasa a Berlin na 'yan watanni a 1933 aka sauke shi, ya rasa kujerarsa ta Halle a 1936, ya yi hijira zuwa Amurka a 1939. Ina ganin labarinsa abin tausayi ne kuma abin tsoro, domin mutum ne mai ido da sanin aiki, amma ya yarda ya yi muhawarar a kan ma'aunin da azzalumai suka kafa, wato ko zane na ƙabilarmu ne ko ba namu ba, alhali tun daga ma'aunin ɓarnar ta fara.

A 1937 aka aiko kwamiti daga Berlin yana bin gidajen adana fasaha na ƙasar ɗaya bayan ɗaya yana kwashe abin da bai gamshe shi ba. An kwashe ayyuka fiye da 16,000 a faɗin Jamus, daga ciki kusan 400 na Feininger ne. Moritzburg ta rasa ayyuka fiye da 100, har da zane-zanen Halle da mutanen garin suka biya da kuɗin harajinsu shekara shida da suka wuce. Ranar 19 ga Yuli na wannan shekara aka buɗe baje kolin tozarci a Munich, inda aka rataya ayyuka kimanin 650 a cunkushe, a karkace, da rubutun izgili a bango, aka kuma manna farashin da aka sayi wasunsu domin a tunzura talaka ya ga yadda aka yi wasa da dukiyarsa. Mutane fiye da miliyan 2 suka shiga kallo, kuma akwai ayyukan Feininger a ciki. Shi kansa bai tsaya ganin wannan rana ba. Matarsa tana da asalin Yahudawa, zama ya riga ya gagara, sai suka bar Jamus a watan Yuni na 1937 suka koma New York, garin da ya bari yana yaro, ya dawo yana da shekara 65, kusan ba wanda ya san shi. A Jamus an kore shi a matsayin gurɓataccen baƙo, a Amurka kuma da yawa sun ɗauke shi Bajamushe. Ya ci gaba da aiki, yana zana dogayen benayen Manhattan, yana kuma zana ƙauyukan Jamus da gaɓar tekunta daga tsofaffin littattafansa, har ya rasu a 1956.

Abin da ya fi ci mini rai a cikin labarin shi ne abin da ya biyo baya, kuma shi ne dalilin da ya sa na ce asarar a kan jikoki take sauka. A watan Mayu na 1938 gwamnatin Nazi ta kafa dokar da ta halatta ƙwacen ba tare da biyan diyya ba, sannan ta miƙa kayan ga wasu dillalai huɗu da ta amince da su domin su sayar a ƙasashen waje a samo kuɗin ƙetare, wasu kuma aka yi gwanjonsu a Lucerne ta Suwizalan a 1939. Bayan yaƙi ba a soke wannan doka ba, a bisa hujjar cewa gwamnati ce ta ɗauki kayan gidajen gwamnati ta sayar, saboda haka wanda ya saya ya saya ke nan. Ma'anar wannan ita ce garin Halle ba shi da ikon zuwa kotu ya ce a dawo masa da kayansa. In yana so, sai dai ya jira ranar da mai riƙe da hoto zai sayar, ya nemo kuɗi, ya sake sayen abin da ya riga ya saya a 1931, a farashin da ya ninka na farko ninkin ba ninkin.

Haka kuwa aka yi ta yi. Yau hotuna uku ne kawai daga cikin 11 suke rataye a Moritzburg: na Dom, da ɗaya daga cikin na majami'ar kasuwa, da ɗaya daga cikin na Jar Hasumiya, wanda bai dawo gida ba sai a 2009, bayan shekara 72, da taimakon gidauniyoyi da masu ba da gudummawa. Sauran sun warwatsu a gidajen adana fasaha na wasu garuruwa, irin su Munich da Cologne da Berlin, inda mai kallo yake ganin kyakkyawan hoto amma ba zai iya fita ƙofa ya taka 'yan mintuna ya tsaya inda mai zanen ya tsaya ba. Hoton lungun Bölbergasse kuwa ya ɓace, sai hotonsa na kyamara da zanen share fage suka rage. Zanen gawayin ma sun watse, an samo wasu an mayar. A 2019, lokacin cikar Bauhaus shekara 100, sai da gidan Moritzburg ya bi sauran garuruwa yana aro kafin ya iya jera yawancin hotunan a ɗaki guda na 'yan watanni, sannan kowanne ya koma inda ya fito.

Garin da Feininger ya zana shi ma bai tsaya yadda yake ba. Halle ta tsira daga irin rugujewar da ta sami wasu manyan garuruwan Jamus, amma a watan Afrilu na 1945 harsashin igwa ya sami Jar Hasumiya ta kama wuta ta rasa dogon kanta, ta zauna a gundule har 1976 kafin a mayar mata da shi. Tsofaffin gidajen Trödel kuwa ba yaƙi ne ya ci su ba, hukumar Jamus ta Gabas ce ta rushe su bayan yaƙi ta kafa gidajen kankare a wurin. Wanda yake son sanin yadda tafiya a wannan unguwa take, da yadda rufin gidajen yake hawa da sauka a ƙarƙashin hasumiyoyi, sai ya koma ga takardar baƙon nan da aka ce aikinsa gurɓatacce ne. Yanzu hukumar garin ta kakkafa alluna a wuraren da ya tsaya ya yi zane, domin mai ziyara ya gwada abin da ke gabansa da abin da ke kan allo.

Wataƙila wani mai karatu zai ce yawancin abin da aka zana majami'u ne, me ya haɗa mu da su? Amsata ita ce abin da nake nunawa bai rataya a kan irin ginin ba. Kowane tsohon gari yana da gine-ginen da mutanensa suka zuba dukiyarsu da ƙwarewarsu a ciki, kuma a Halle waɗannan ne. Game da hukuncin zane kuma, wanda na san yana damun mutane da yawa a cikinmu kuma damuwa ce ta gaskiya, malamai da dama sun bambanta zanen abu mai rai da zanen gini da itace da kogi, ba su ga laifi a na biyun ba, kuma zanen gari yana cikin na biyun. Mu ma ba baƙin wannan al'amari ba ne: hoton Kano daga kan Dala da aka buga a littafin tafiyar Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda aka ɗauko daga zanen da ya yi a 1851, har yau shi ake komawa gare shi idan ana son ganin yadda birnin yake kafin zuwan kyamara, duk da cewa hannun baƙo ne kuma wani mai zane a Jamus ya sake gyara shi kafin a buga.

Ba na cewa dole kowa ya so salon Feininger. Akwai masu ganin layukansa sun yi sanyi da yawa, cewa ya mayar da gari mai hayaniya da warin kasuwa ya zama abu mai tsabta kamar ƙanƙara, mutanen ciki kuma ya rage su zuwa ɗigo. Wannan suka ce mai tushe, kuma ni ma ina ganin hotunansa na dare sun fi na rana rai saboda duhu yana ɗan sassauta tsaurin layin. Amma irin wannan muhawara tana yiwuwa ne kawai idan zanen yana rataye a inda kowa zai gan shi, mai so ya so, mai ƙi ya faɗi dalilinsa, ɗan makaranta ya zo da littafinsa ya kwaikwaya. Abin da aka yi a 1937 shi ne an ɗauke muhawarar daga hannun mutanen gari an ba wani kwamiti da ya zo ya wuce, kuma waɗanda suka sa hannu a takardar ba su ne suka yi shekara 72 suna tara kuɗin fansa ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, guda biyu ne. Na farko, ka ware wa zane wani gurbi a shafin al'adu, ko da sau ɗaya ne a wata, a buga zanen gari guda babba yadda ido zai iya bin layinsa, tare da bayanin wanda ya yi shi da shekarar da aka yi da inda yake a yanzu, ba a matse shi a kusurwa kamar tallar magani ba. Na biyu, in za a fara, ina ba da shawarar a fara da ɗaya daga cikin zanen gawayin Halle maimakon hoton fenti, domin baƙi da fari ne, zai fito sosai a takardar jarida, kuma yaron da ya gan shi zai gane cewa kayan aikin da aka yi shi da su ba su fi ƙarfinsa ba. In an amince, a shirye nake in rubuto taƙaitaccen bayanin da zai raka shi.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya yi maka jagora a aikinka.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani malamin zane, daga Zariya